Wa Ya Kawo Maka Wannan Giyabos?

TAMBAYA

Ina zaune a Manchesta ta ƙasar Ingila, ina kanikanci a garejin wani. Yayana yana da shago a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ya daɗe yana matsa mini in riƙa haɗa masa kayan gyaran mota na hannu, inji da giyabos da kik da fitilu, in cika kwantena in turo masa. Yanzu na samu filin da zan kama haya. Niyyata in riƙa sayen matattun motoci ina kwancewa, in kuma sayi kaya a hannun mutane, masu tallatawa a Facebook da masu kawowa da kansu. Sai wani Bature abokin aikina ya ce mini in na biya da tsabar kuɗi, ko ban rubuta sunan mai kaya ba, zan iya shiga hannun hukuma ko da kayan ba na sata ba ne. Abin ya ɗaure mini kai, domin a gida ciniki ake yi, a biya, kowa ya kama gabansa. Gaskiya ne abin da ya faɗa? Me doka take so in rubuta, kuma har yaushe zan ajiye? Sa'annan ba cin fuska ba ne mutum ya kawo maka kayansa ka ce sai ya nuna katin shaida? Allah ya ƙara basira.

Daga wani mai karatu, Manchesta, Ingila

AMSA

Allah ya yi wa nema albarka, ya bar zumunci tsakaninka da Yayanka. Abokin aikinka gaskiya ya gaya maka, kuma ya kyauta da ya faɗa tun ba ka sa hannu a takardar hayar fili ba.

Dokar da yake nufi ita ce Scrap Metal Dealers Act, dokar dillalan tsoffin ƙarafa, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 2013 a Ingila da Wales. Sukotilan tana da tata daban. Wataƙila ka ce ai kai ba ɗan gwangwan ba ne, kayan gyara kake nema. Dokar ta riga ta toshe wannan ƙofa. Ta ce duk wanda sana'arsa, ko da wani ɓangare nata ne, ita ce ciro abin da ke da sauran amfani a jikin mota don sayarwa, sa'annan ya sallamar da gangar jikin a matsayin ƙarfe, to shi ma dillalin tsoffin ƙarafa ne a wurinta. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin da ka zayyana. Saboda haka kafin ka kwance noti ɗaya sai ka mallaki lasisi daga ƙaramar hukumar da filin yake cikinta. Lasisin iri biyu ne: na mai fili, da na mai yawo gida-gida yana tattarawa. Naka na mai fili ne. Shekara uku yake yi a sabunta, ana rubuta sunan manajan fili a jikinsa, ana kafe shi inda kowa zai gani, kuma kafin a ba ka sai an duba ko kana da tabon laifin da ya shafi wannan harka. Tun Afrilun 2022 ma an ƙara sharaɗi cewa mai sabuntawa sai ya nuna hukumar haraji ta san da zamansa.

Yana da kyau ka san abin da ya jawo dokar, don kada ka ɗauka tsangwama ce kawai. Wajen shekarar 2011 farashin tagulla da darma ya yi sama, satar ƙarfe ta addabi Birtaniya. Ana yanke wayoyin layin dogo jirage su tsaya cik, ana ɗaye darmar rufin coci, ana ɓamɓare allunan tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. A watan Disamba na wannan shekara aka sare wani babban sassaƙen tagulla na Barbara Hepworth a lambun Dulwich da ke Landan aka yi gaba da shi. Tsohuwar dokar 1964 ba ta iya komai ba, domin ɓarawo zai kai kaya ya ba da sunan ƙarya, ya karɓi kuɗi a hannu ya ɓace, mai saye kuma ya ce shi bai san na sata ba ne. Tabbatar da abin da ke cikin zuciyar mutum a gaban alƙali abu ne mai wuya. Shi ya sa aka haramta biya da tsabar kuɗi tun Disambar 2012, sa'annan ɗan majalisa Richard Ottaway ya gabatar da ƙudurin da ya zama dokar 2013. Hikimarta ita ce ta daina tambayar mai saye abin da ya sani, ta koma tambayarsa abin da ya rubuta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ganina dokar ta yi daidai, domin satar kayan mota ba ta rayuwa sai da mai saye wanda ba ya tambaya.

Abu uku take nema a hannunka duk lokacin da ka karɓi kaya.

Na farko ka tabbatar da cikakken suna da adireshin mai kawowa, da takarda, ba da fatar baki ba. Mafi sauƙi shi ne lasisin tuƙi na Birtaniya mai hoto, tunda yana ɗauke da hoto da adireshi gaba ɗaya. In fasfo ya kawo, to fasfo ba ya nuna inda mutum yake kwana, sai ya haɗa da takarda ta biyu: bayanin asusun banki, ko takardar harajin gida ta ƙaramar hukuma, ko takardar kuɗin wuta, gas ko ruwa, wadda ba ta wuce wata uku ba. Takardar kuɗin wayar hannu ba ta shiga. Ba dubawa kaɗai za ka yi ba, sai ka ɗauki kwafi ka ajiye. Wanda ya ba ka sunan ƙarya ko adireshin ƙarya shi ma ya yi laifi a ƙarƙashin dokar nan, kuma ba laifi ka rubuta hakan ka manna a bakin ƙofa.

Na biyu, babu tsabar kuɗi, ko fam ɗaya. Hanya biyu aka yarda da su: caki da aka rubuta da sunan mutum wanda ba ya sauya hannu, ko tura kuɗi ta banki. Musaya ma ba ta halatta ba, wato ka karɓi tsohon inji ka ba shi tayoyi a madadin kuɗi. Ka ajiye kwafin cakin ko rasit ɗin turawar. Nan ne mutanenmu suka fi samun matsala, domin mun saba ganin kuɗi a hannu shi ne cikar ciniki, kuma mai kaya yakan ce zai rage maka in za ka ba shi a take. Ragin nan tarko ne. Laifin biyan tsabar kuɗi yana hawa kan mai lasisi, da manajan fili, da yaron da ya miƙa kuɗin. In ka fita salla yaronka ya biya wani fam 40 daga aljihu, ba za ka tsira da cewa ba ka nan ba, sai in ka nuna ka kafa tsari kuma ka yi iya ƙoƙarinka a bi shi.

Na uku shi ne littafin kansa, ko na takarda ko na kwamfuta. Bari mu ɗauka mutum ya shigo filinka da farar motar ɗaukar kaya, a bayanta da giyabos ɗin Toyota da ya ce ya mutu. Kafin a sauke, ga abin da zai shiga littafi: bayanin kayan, wato irin ƙarfen, siffarsa, halin da yake ciki, nauyinsa, da duk wata alama ko lamba da ke jikinsa wadda za ta nuna mai shi na baya ko ta bambanta shi da wani, rana da lokacin da ya iso, lambar motar da ta kawo shi, suna da adireshin mai kawowa, da cikakken sunan wanda ya biya kuɗin a madadinka. Ka lura da lambar mota, domin ita aka fi mantawa, alhali sau da yawa ita ce take kai 'yan sanda ƙofar ɓarawo. Akwai wani sharaɗi kuma da ake raina shi: dole rubutun da kayan su iya nuna juna. In ɗan sanda ya ɗora hannu kan giyabos ya ce na wane ne, ka iya buɗe shafinsa. In ya ɗora yatsa kan shafi, ka iya nuna kayan ko inda suka tafi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka ba kowane kaya lamba. Ka rubuta 0147 a littafi, ka rubuta 0147 da alƙalamin fenti a jikin giyabos, ka rubuta ta a kan kwafin lasisin mutumin da kan rasit ɗin banki. Aikin minti biyar ne. Ni zan ƙara maka da abin da dokar ba ta tilasta ba: ka ɗauki hoton kayan ta gefen da lambar take, ka tambayi lambar motar da aka ciro su, ka sa mai kaya ya sa hannu cewa nasa ne kuma yana da ikon sayarwa.

Fitar kaya ma ana rubutawa: me ya fita, yaushe, zuwa hannun wa da adireshinsa, a kan nawa. Duk wannan za ka ajiye shekara uku daga ranar da kayan suka shigo ko suka fita. Takardun haraji sun fi haka daɗewa, na kamfani shekara shida ne, don haka kada ka yi saurin zubar da komai. 'Yan sanda da jami'an ƙaramar hukuma suna da ikon shiga filin mai lasisi su ce a kawo littafi. Rashin tabbatar da suna tararsa tana kaiwa fam 1,000. Rashin lasisi, da biyan tsabar kuɗi, da rashin ajiye rubutu kuwa, a da tararsu ba ta wuce fam 5,000, amma tun 2015 aka cire mata iyaka. Bayan tara ana iya ƙwace lasisin, ko a gindaya maka cewa ba ka karɓar kaya sai daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma, kuma ba ka taɓa su sai sun yi har awa 72 yadda suka zo.

Yanzu ga inda za ka ji ana ja-in-ja. Dokar ta ce tsohon ƙarfe shi ne abin da ya karye, ko ya gaji, ko mai shi na ƙarshe yake ganin amfaninsa ya ƙare. To fitilar da take aiki garau, wadda mutum ya cire don ya sa wata, fa? Za ka samu masu ce maka wannan kayan hannu ne, ba tsohon ƙarfe ba, ka biya kuɗinka ka wuce. A wasu lokuta maganarsu tana da ƙafa a doka. Haka ma mota mai tafiya da ƙafarta, mai takardar gwajin lafiya ta MOT, ba ɗaya take da wadda aka jawo don kwancewa ba. Amma shawarata kada ka raba littafinka biyu. Kai mai lasisi ne, filinka ɗaya, kuma ranar bincike kai za a bari da aikin bayyana dalilin da ya sa wannan inji yake da shafi, na kusa da shi ba shi da shi. Ta wannan kafar ce ɓarayi suka fi shigar da kaya, suna kiran na sata kayan hannu. Kuma ko da dokar 2013 ba ta hau kan wani kaya ba, dokar sata ta 1968 tana nan: wanda ya karɓi kaya da rashin gaskiya, ya sani ko ya yi imani na sata ne, ɗaurinsa yana kaiwa shekara 14. Wasu yankuna ma, kamar Kent, suna da dokarsu da ta sa masu sayar da kayan hannu yin rajista da ajiye rubutu. Ka tambayi ƙaramar hukumarka, ka nemi amsar a rubuce.

Kayan da nake so ka fi yin kaffa-kaffa da shi shi ne matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda kanikawanmu suke kira indomi. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma a 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam ya haura dala 25,000. Shi ya sa ɓarayi suke ɗaga mota da jak a bakin titi ko a wurin ajiye motoci na asibiti, su yanke ta cikin 'yan mintuna. Sun fi bin motoci masu haɗa fetur da lantarki irin su Prius, saboda ƙarafan cikinsu ba su cika cinyewa ba. Ka dubi bakin bututun. Wadda kanike ya cire takan zo da bakinta na asali da ramukan noti. Wadda aka sata takan zo da yankan zarto a gefe biyu, sabo fil yana ƙyalli, wani lokaci a karkace saboda gaggawa, da guntun wayar na'urar auna hayaƙi tana reto. Mutum ɗaya mai mota ɗaya ba shi da dalilin zuwa da guda huɗu a buhu. Wasu kuma an yi musu lambar sirri ko ruwan shaida wanda 'yan sanda suke haskawa su gano motar da aka ciro su. In ka ga irin wannan kada kyawun farashi ya ruɗe ka, kuma kada ka ɗauka rubuta sunansa ya wanke ka. Littafi yana kare wanda ya saya da zuciya ɗaya, ba ya kare wanda ya ga alama ya kau da kai. Haka in mota sukutum aka kawo: ka ga takardar rajistar mota ta V5C, ka gwada lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 da wadda ke takarda, ka bincika ko akwai bashin kamfani a kanta, domin motar da ba a gama biya ba sau da yawa ba ta mai tuƙa ta ba ce tukuna.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda na fi jin nauyinta, domin na san daga tarbiyya ta fito. Mun tashi muna ganin tambayar mutum shaida kamar tuhuma ce, musamman in dattijo ne ko ɗan gari ɗaya. Amma ka tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ko da ta yi rangwamen rubutu a cinikin hannu da hannu, ta yi umarni a kafa shaida in an yi ciniki. Malamanmu na Malikiyya kuma suna da babi guda, babin istihƙaƙi: in mai kaya na asali ya zo ya tabbatar da abinsa a hannunka, zai karɓa, kai kuma ka koma kan wanda ya sayar maka ka nemi kuɗinka. Dokar Ingila ma a nan ta tsaya, ɓarawo ba ya mallaka maka abin da shi bai mallaka ba. To za ka koma kan wa, in abin da ka sani game da mutumin bai wuce suna a Facebook da lambar wayar da aka riga aka jefar ba? Kuɗinka ya tafi, kaya sun tafi, ga tambayoyin 'yan sanda.

Abin da ke mayar da tambaya cin fuska shi ne zaɓe, a tambayi wannan a ƙyale wancan saboda fuska ko launi ko sanayya. In kowa kake tambaya, har abokinka na masallaci, babu wanda zai ji an ware shi. Ka faɗa tun a waya kafin ya taso: ranka ya daɗe, ka taho da lasisinka, kuma ta banki nake biya, haka doka ta ɗora mana. Mutumin kirki a Ingila ya saba da wannan, ba zai ko ɗaga gira ba. Wanda ya fara kame-kame, ya ce ya manta walat, ko a tura kuɗin asusun wani abokinsa, ya riga ya ba ka amsar da kake nema. Sai dai amana ta koma kanka: kwafin katin mutane ba abin bari a kan tebur ba ne ko a wayar yaran shago. Dokar kare bayanan mutane ta 2018 ta hau kanka, ka kulle su, kada ka yi wani amfani da su, in wa'adinsu ya cika ka lalata su.

Abu biyu da ba ka tambaya ba amma suna gabanka. Lasisin ƙaramar hukuma bai ba ka izinin kwance mota ba. Wannan sai da izinin Hukumar Kula da Muhalli, wadda za ta amince da filinka a matsayin wurin da ake tsiyaye mai da baƙin mai da ruwan birki, a cire batir da jakar iska, kafin a taɓa sauran. Irin wannan wuri ne kaɗai yake ba da takardar shaidar rushe mota, cikin kwana 7, ya sanar da hukumar rajistar motoci ta DVLA. Na biyu, kwantena. Kayan da ba a tsiyaye ba, ko waɗanda ba su da sauran amfani, shara ce a idon doka, kuma fitar da shara mai guba zuwa ƙasa irin Nijeriya haramun ne. Ga shi 'yan sanda suna buɗe kwantenoni a tashoshin ruwa irin su Felixstowe da Tilbury suna neman motoci da kayan sata. Wanda jerin kayansa yake ɗauke da lambar kowane inji, kowace lamba kuma tana komawa ga shafi a littafi, shi ne yake fita da sauƙi.

Wannan jerin ka aika wa Yaya kwafinsa tare da kaya, zai amfane shi a can. Sashe na 317 na Final Kod ta Arewa ya tanadi ɗaurin da ke kaiwa shekara 14 ga wanda ya karɓi kayan sata ko ya riƙe su da rashin gaskiya, alhali ya sani ko yana da dalilin zaton na sata ne. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu lambar sashen ta sauya, amma laifin yana nan. Duk wanda ya zauna a Ƙofar Ruwa ko Fantekar Kaduna ya san yadda ake zuwa da yaro da ankwa a hannu ya nuna shago ya ce nan na sayar. A wannan rana mai shagon da zai buɗe littafi ya nuna suna, da lambar waya, da lambar katin ɗan ƙasa, da kwanan wata, da sunan wanda ya tsaya wa mai kaya, ba ɗaya yake da mai rantsuwa kawai ba. Ka roƙe shi da ladabi ya sayi littafi mai bango ya fara, ko da na batir da madubin gefe da birenbos ne da ake kawo masa a hannu.

Kai kuma ga yadda zan so ka jera tafiyarka. Ka fara zuwa sashen lasisi na ƙaramar hukuma da adireshin filin, ka tambaya ko an yarda a yi wannan sana'a a wurin, domin izinin amfani da fili shi ma daban ne. Daga nan Hukumar Kula da Muhalli, sa'annan ka buɗe asusun banki na kasuwanci wanda ba ya haɗuwa da na cefane. In hali ya yi, ka biya lauya ya duba takardar hayar. Sai waɗannan sun kammala za ka sa hannu ka karɓi makulli. Allah ya ba da sa'a, ka gaishe da Yaya.